Gafakar Malam Jatau

…to in haka ne, wa aka binne a bakin gulbi?

Bara'atu tana sake jera takardun a kan tabarma. Uku ne kacal. Tun hantsi take canza musu wuri, kamar hakan zai sa su canza magana. Jaririn yana barci a gefen cinyarta, kwanansa shida a duniya, gobe suna. Zafin wankan jego bai gama barin jikinta ba, ɗakin Inna sai warin ganyen darbejiya da kunun kanwa. Tun cikin yana wata huɗu mijinta Nuraddeen ya ce in namiji ne, sunan mahaifinta za a sa. Sahabi. Magana ta ƙare. To me ya kai ta buɗe gafakar kakanta? Ranar haihuwar Baba kawai take son gani, ko Laraba ce irin ta yaron…

Takarda ta farko, ajami ne, hannun kakanta Malam Jatau, tawadar har ta koma ja. An haifi Sahabi, ɗan fari, ranar Jumma'a. A ƙasa, bayan damina uku, an haifi Haladu. Haladu, ƙanen Baba da ruwa ya ci, wanda ba a cika zancensa a gidan nan ba. Wannan ta sani tun tana yarinya.

Ta biyu ta soja ce, da Turanci. Tana bin ta da yatsa, harafi bayan harafi, yadda ta koya wa kanta. Sahabi Jatau, Nasarawa Burkullu. An rubuta shi a Anka shekarar da aka fara yaƙin basasa, an ba shi kwana bakwai ya yi sallama da gida kafin mota ta kwashe su zuwa Gusau. Tsawo, ƙafa shida. Alama, tabon ƙuna a damtsen hagu.

Ƙafa shida?

Baban da bai taɓa sunkuyawa a ƙofar zaure ba — ƙofar da Nuraddeen ke buga goshi duk zuwa? Ko mutum yana raguwa ne in ya tsufa… yana raguwa, amma ba haka ba. Damtsen kuma. Ita ta riƙa shafa masa man zafi a shekarar jinya, safe da yamma, hagu da dama. Fata sumul. Tabo ɗaya ne a jikin Baba, na harsashi, a ƙwauri, wanda yake ce musu cizon jaki ne su yi ta dariya.

Ta uku. Hannun Malam Jatau dai. Gulbi ya cika, ya ci ɗana Haladu ranar Talata, kwana huɗu bayan rubutun soja. Allah ya jiƙansa. Tana ɗaga takardar zuwa hasken ƙofa, karo na nawa ke nan? Wurin sunan ya fi ko'ina haske. An kankare. Wani suna ne a da, aka bi shi da bakin reza a hankali, aka ɗora wannan a kai.

A'a. Malami yana kuskure, ya gyara. Mutum yana cikin makoki, hannu ya rubuta sunan ɗa mai rai… ai yana yiwuwa. Yana yiwuwa mana.

Tana tuna Kaka, uwar Baba, zaune a gindin turmi, Baba a gabanta da furfurarsa, tana cire masa ƙaiƙayi daga gemu. Suna cin tuwo akushi ɗaya. "Kai dai ba ka girma," in ji ta, tana dungure masa kai. Bara'atu tana da shekara takwas, tana dariya. Yanzu ba ta dariya. Wace uwa ce a garin nan take cin abinci da ɗan farinta? Ɗan fari ko ido ba a haɗawa da shi, in ya shigo ta nan uwa ta fita ta can. Ita kanta tun shekaranjiya mata ke tsokanarta ta daina kallon yaron a gaban mutane. Amma Kaka… Kaka ba ta taɓa furta Sahabi ba, kowa ya ce kunyar ɗan fari ce. Kunya ce? Ko sunan ne yake ƙona mata baki?

Inna ma ba ta faɗa, ina matar da za ta kama sunan mijinta. Gari kuwa Soja suke ce masa. Suna yana nan shekara hamsin a cikin gida, ba mai taɓa shi, kamar tulun da aka kife a bayan ɗaki.

"Mi kike biɗa cikin takardun ga tun safe?" Inna ce a bakin ƙofa, taɓarya a hannu. "Mai jego da karatu! Aje su ki sha kununki, ya huce. Mijinki ya aiko, liman na jiran abin da za shi faɗa gobe."

"To, Inna."

Ta koma. Turmi yana amsawa, gero ne na furar baƙi.

Ƙanen, yaro ɗan sha shida ke nan a lokacin. An dawo daga jana'iza, laka a ƙafa, takardar soja tana nan, saura kwana uku mota ta zo. In ba a ga Sahabi ba za a ce ya gudu, a zo a kama tsoho? Haka suka zata? Wa ya fara faɗa — uban ne, ko shi yaron ya miƙe da kansa? Ya shiga motar da sunan wansa, riga ta yi masa yawa, lokacin yaƙi wa zai tsaya duba damtse… Ko ba haka aka yi ba. Ko ita ce jego ya juyar mata da kai, tana ƙulla labari da takarda uku kamar yadda take yi da kowane abu.

Amma duk Sallah Baba yakan je kabarin nan na bakin gulbi shi kaɗai. Sau ɗaya ta bi shi. Allah ka jiƙan mai wannan kabari, abin da ya ce ke nan. Bai kama suna ba.

Ita kuma shekara biyar tana cewa Allah ka jiƙan Sahabi bayan kowace salla. Ina addu'ar take sauka?

Inna ta sani? A kasuwar Gummi suka haɗu da Baba, yana sayen igiya a wurinta bai da abin ɗaurewa, sati uku a jere. Mutumin da ya yi wannan, ba zai taɓa sunkuyowa wata rana ya ce, ke, ga sunan da uwata ta sani ba?

Jaririn yana motsi. Tana ɗaukarsa, kansa a tafin hannunta, kunnen ƙarami kamar ganyen zogale. Gobe da hantsi za a faɗa a zaure, in an faɗa an faɗa ke nan. Sunan da Baba ya ɗauka ya kai yaƙi ya dawo da shi, ko wanda ya bari a bakin gulbi?

"Sahabi," take cewa a hankali. Turmi yana ta amsawa.

Tana sake buɗe baki. Muryarta ta ɗan ɗaga fiye da yadda ta so.

"Haladu."

Taɓaryar ta tsaya.

Kaza ce ta sa baki a turmi, wataƙila. Ko hannu ne ya gaji. Bara'atu tana riƙe da yaron, tana jira a ci gaba da daka… tana jira.