Bindigar Ban Haƙuri

A garin Darra Adam Khel na ƙasar Pakistan ba a rasa masu taurin kai, amma ko a cikinsu Usta Nurzaman ya yi fice. Maƙerin bindigogin farauta ne, irin wanda mafarauta ke tasowa tun daga Peshawar su zauna a shagonsa suna shan koren shayi har la'asar, suna jiran ya ga dama ya kula su. Aikin hannunsa babu mai kushewa. Bakinsa ne dai ba shi da linzami, kuma shi ya raba shi da 'yarsa.

Spogmai ce 'yarsa ɗaya tilo. Ya aurar da ita ga Jahanzeb, wani ɗan dangi na nesa da aka haifa a Karachi, ya tashi can, yana da kantin sayar da magani. Nurzaman ya so yaron ya dawo gida ya gaji shago. Jahanzeb ya ƙi cikin ladabi, ya ce shi ko ƙarar harbi ba ya so. Nan take, a zauren baƙi cike da mutane, Nurzaman ya ce ashe mai tallan maganin gudawa ya ba 'yarsa, wanda ko kaza aka ba shi ya yanka sai an riƙe masa hannu. Aka kwashe da dariya. Washegari Jahanzeb ya ɗauki matarsa suka koma Karachi. Spogmai ta goyi bayan mijinta, daga ranar sai uwarta kaɗai take kira a waya.

Aka ɗauki shekaru a haka. Rannan matar Nurzaman, Shirina, ta ajiye masa burodi da shayi, ta ce Spogmai ta sauka lafiya, an samu namiji. Nurzaman ya ce ma sha Allah, ya ci gaba da kurɓar shayi kamar labarin maƙwabta aka ba shi. A ransa kuwa kewar 'yarsa ta taso masa. Yana son ganin jikan nan, ya kuma san shi ne mai laifi, amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani ya yi haƙuri ba.

Sai ya bi hanyar da ya gani wurin mahaifinsa, wadda duk layin maƙera suka santa. In ka ɓata wa mutum rai, ka ƙera masa bindiga da hannunka ka aika masa. Ka saka makami a hannun wanda ka yi wa laifi ke nan, wace magana ta fi wannan? Ya rufe kansa a shago, ya ƙera mai baki biyu, ya yi mata gindi da katakon da ya daɗe yana ɓoyo, ya zana furanni a ƙarfen, ya rubuta sunan Jahanzeb ɓaro-ɓaro a gefe. Da ya gama ya fita bakin titi ya gwada ta sama, babu wanda ya ko ɗaga kai.

Ya naɗe ta a bargo ya nufi ofishin masu jigilar kaya a Kohat. Ma'aikacin ya tambayi abin da ke ciki, Nurzaman ya faɗa masa da alfahari, har ya fara kwance bargon don ya nuna masa zanen. Mutumin ya ja kujera baya, ya ce shi bai gani ba, bai ji ba, kuma don Allah a fitar masa da ita. Ba sa karɓar makami daga hannun ɗaiɗaikun mutane, ko da kyauta ce, ko da ta suna ce.

Nurzaman ya dawo yana huci, ya faɗa shagon maƙwabcinsa Alhaji Mastan Gul, dillalin bindigogi mai lasisi, wanda suka tashi tare suna tsokanar juna tun suna yawo ba wando. Ya ce a da sai dai ka miƙa wa direban babbar mota, ya cusa ƙarƙashin buhunan albasa, ka sa masa albarka. Mastan Gul ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wancan zamanin ya wuce tun da dokar gwamnati ta shigo kwarin nan. Yanzu daga shagon mai lasisi take tashi, ta sauka shagon wani mai lasisi a Karachi. Wanda zai karɓa sai yana da lasisi da sunansa, wanda ke aiki a can lardin, a shigar masa da lambar bindigar a ciki. In kuwa aka bi ta albasa aka kama ta a shingen 'yan sanda, to sunan wa ke jikinta?

"Ka ga sai ka haɗa masa biyu, mutumina," in ji Mastan Gul. "Ka zage shi a zaure, ka kuma kai shi gidan yari."

Babu makawa sai an tambayi Jahanzeb ko yana da lasisi. Nurzaman ya ce shi ba zai kira ba. Mastan Gul ya ce ya bar masa, wannan ai aikin dillali ne. Ya kira, ya gaisa, ya yi barka, sannan ya isar da saƙo yadda duk ɗan Darra zai so ya ji shi: surukinsa bai manta abin da ya faru tsakaninsu ba, ya ƙera bindiga musamman dominsa, da sunansa a jiki, a faɗi inda za ta same shi. Aka yi shiru a can ɓangaren, sai wayar ta katse. Dattawan biyu suka yanke cewa daɗi ne ya hana yaron magana, suka aika a kawo kabab, gasasshen naman da suke so.

Bayan kwana biyu amsa ta zo ta hannun Mastan Gul, wanda wannan karon ya shigo ba dariya. Jahanzeb ya ce a roƙar masa Baba, duk abin da ya yi a yafe masa ko don darajar jaririn nan. Ashe tun ranar bai buɗe kanti ba, bai kuma faɗa wa Spogmai ba don kada ya tayar wa mai jego hankali.

Abin ya yi wa Nurzaman ciwo ƙwarai. Mafi kyawun aikin da ya taɓa yi, ga shi ya tsorata mijin 'yarsa har ya rufe kanti. Ya koma gida ya zauna a tsakar gida da bindigar a cinya. Shirina, wadda ta riga ta ji komai wurin matar Mastan Gul, ta ci gaba da tsince shinkafa, ta bar shi ya gama zaman makokinsa.

"Baban Spogmai," ta ce can, "kalma biyu ba ta neman lasisi. Girman kai rawanin tsiya ne. Ga waya."

Ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Da Jahanzeb ya ɗauka, Nurzaman ya fara da bayanin katako, ya koma kan zanen furanni, ya zagi ma'aikacin Kohat, ya zagi gwamnati. Shirina ta daki tiren shinkafa da hannu. Ya yi gyaran murya.

"Ɗana, bindigar nan ban haƙuri ce. Abin da na faɗa a zaure ban kyauta ba. Ka yi haƙuri."

Jahanzeb ya sauke numfashi mai ƙarfi har Shirina ta jiyo daga inda take. Ya ce ba komai Baba, ya wuce. Lasisi dai ba shi da shi, ba kuma zai nema ba, a ajiye bindigar a Darra. Amma akwai ɗaki a gidansu, jirgin ƙasa kuma kullum yana tashi daga Peshawar. Sannan ya ƙara da cewa ya buɗe muryar wayar, Spogmai tana kusa.

Nurzaman ya kasa kunne. Ya ji motsi, ya ji ɗan kukan jariri, sannan muryar da ya yi shekaru bai ji ba, tana dariya tana jan hanci.

"Baba, yaron nan yana ta kuka, ban ji da kyau ba. Sake faɗi."

Ya san sarai ta ji. Ya share ido da gefen rawaninsa, ya gyara zama, ya sake faɗi.