Roƙon Baba Ilyas

An idar da sallar isha'i, Halliru na zaune a tsakar gidansa ya sa kwanon tuwo a gaba, sai wata ƙara ta taso. Ba kukan sa ba ne, ba kuma odar tirelar da ke hawa gadar Wudil ba. Doguwa ce mai kaushi, ta miƙe kamar za ta huda sama, sai ta kakkarye, ta mutu. Kajin da ke kwance kan katanga suka tarwatse.

"Innalillahi! Malam, ko ƙahon tashin alƙiyama ne?" in ji matarsa Juwairiyya, ludayi a hannu.

"Ke dai da tsoro. Ƙahon Isirafilu ne zai fito daga gidan Baba Ilyas?"

Ya faɗa da dariya, amma ya ture kwanon ya saka takalmi da sauri.

Baba Ilyas farin tsoho ne, irin mutanen nan da ake kira Kwara. Tun yana saurayi wani ɗan kasuwa ya zo da shi Kano sayen gyaɗa, gyaɗa ta ƙare, shi bai koma ba. Ya zauna a Wudil yana gyaran injin ban ruwa, masu noman rani tun daga Indabo da Achika suna kawo masa. Kowa ya san Kirista ne. Da giciyensa a wuya, kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ranar Lahadi sai ya je coci. Matarsa Ladi, mutuniyar wajen Sumaila, ta jima da rasuwa. Abu guda ne mutane ke yi masa dariya a kai: mutum a bakin kogi, amma ko romon tarwaɗa ba ya taɓawa, wai cikinsa ba ya so. Da layyar bana kuma, ciwo ya riga ya kwantar da shi, ya roƙi Halliru ƙahon ragonsa. Halliru ya zaci ƙaho yake so a yi masa, har ya tura masa wanzami. Tsohon ya yi ta dariya, ya sallami wanzamin da goro.

Halliru ya yi sallama ya shiga. Rahila, 'yar tsohon da ta baro aikin asibiti a Kano ta zo jinya, tana tsaye ta toshe baki da mayafi. Baba Ilyas na jingine da filo yana haki, ƙahon nan a ƙirjinsa, an rarake shi, an huda tsininsa, ya yi santsi.

"Baba, lafiya? Ka tayar da unguwa."

"Halliru, zauna. Numfashin ya ƙi, da ka ji yadda kawuna ke busa shi." Ya kama hannunsa. "Roƙo zan yi. In na mutu, kar a kai ni firjin asibiti. Kar a sa min kwat, kar a sa ni a akwati. Namiji ya wanke ni da ruwa, a naɗe ni a farin ƙyalle, a binne ni kafin rana ta faɗi, jikina ya taɓa ƙasa. Kai nake so ka wanke ni."

Halliru ya miƙe. Wanka, likkafani, ba akwati, ba kwana! Ai wannan magana ba ta da fassara biyu. Ya fita hawaye na zuba, ya ce wa Juwairiyya, "Allah ya yi. Baba zai musulunta."

Da asuba ya tare liman, Malam Muhyiddeen, a ƙofar masallaci. Tasi'u mai shayi ya ji, kuma abin da Tasi'u ya ji, gari ya ji. Kafin hantsi ɗakin tsohon ya cika, wasu na leƙe ta taga. Fasto Auta ma labari ya kai masa, ya iso a kan babur, hularsa a karkace.

Liman ya durƙusa a bakin gado. "Baba Ilyas, barka da arziki. Zan faɗi kalmar shahada, kai kuma ka maimaita."

Tsohon ya dubi liman, ya dubi Halliru, sai dariya ta kama shi, dariyar ta koma tari. Rahila ta ba shi ruwa.

"Allah ya gafarta malam, maƙwabcina bai fahimce ni ba. Ba irin binnewarku na roƙa ba. Irin ta gidanmu ce. Haka aka binne ubana da kakana." Ya numfasa. "Ni Bayahude ne. Sunan da uwata ta sa min Iliyahu. Ƙahon nan ma na ibadarmu ne."

 Tasi'u ya ce, "A'uzubillahi!" ya ja da baya ya taka ƙafar wani. Halliru kuwa bai taɓa ganin Bayahude ba. A wa'azi yake jin sunan, da rediyo, da bakin mai zagi in ciniki ya ɓaci. A ransa yana zaton ko da wani tabo ake gane su. Ga shi kuma wannan tsohon ne ya ɗauki Juwairiyya a tsohuwar motarsa ranar da naƙuda ta zo da gardama, 'ya'yan Halliru kuma a cinyar tsohon suka koyi shan alewa.

"Baba, zazzaɓi ne," in ji Fasto Auta. "Ka karɓi baftisma tun ban shiga firamare ba. Wancan mutumin ya wuce, kai sabo ne. Kujerar gaba a cocinmu taka ce."

"Fasto, ban bar Yesu ba. Da sunansa zan mutu, kuma kai za ka yi min addu'a. Amma shi ɗin ɗan wace ƙabila ne, in ba tamu ba?"

Fasto ya gyara zaman hularsa. Tsohon ya ci gaba.

"Da na auri Ladi na shiga ruwan baftisma, labari ya kai wa uwata. Ta yage rigarta, ta zauna a ƙasa aka yi mata gaisuwar mutuwata, ina raye. Na ce shi ke nan, an cire ni. Na zauna a kan haka har na tsufa. To tun da na kwanta ciwon nan, da yarenta nake mafarki. Ita ta kore ni, amma abin da ta haifa bai tafi ba. Ko tarwaɗar da addininta ya hana, har yau na kasa ci."

"Baba, ko ni ba ka faɗa min ba," in ji Rahila. "To ni mece ce?"

"Ke 'yar Ladi ce. A wajenmu ta uwa ake bi. Ki kwantar da hankalinki."

Halliru ya matso. "Shekara da shekaru katanga ɗaya, Baba. Me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa, za ka ba ni ƙahon?"

Halliru ya sunkuyar da kai. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba sallama.

Kashegari da hantsi Baba Ilyas ya cika. Halliru na zaure ya ji kukan Rahila, bai motsa ba. Can ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba takalmi.

"Baba Halliru, Fasto ya ce in har an samu mai wanka, ya yarda a yi yadda ya roƙa. Mutanenmu babu wanda ya iya. In ba a samu ba, motar asibiti za ta zo bayan azahar."

Halliru ya tafi wurin liman. Tasi'u ya tare shi a hanya. "Malam Halliru, ka dai yi tunani. Hannun da za ka wanke Bayahude da shi, da shi za ka dawo ka gaisa da mu?"

Liman ya saurare shi yana jan carbi, ya ce, "Salla dai babu, ka san wannan. Sauran kuwa, ban ce ka je ba, ban ce kar ka je ba. Maƙwabcinka ne."

Da ya koma gida, ya tarar Juwairiyya ta shimfiɗa farin yadin da ya ajiye don kansa, tana yankawa. Ba ta ɗago ta dube shi ba. "Na ɗora ruwa," kawai ta ce.

Shi kaɗai ya yi wankan. Jikin ba nauyi, kamar na yaro. Ya duba, Allah ya yafe masa, ya duba ko zai ga wani tabo. Babu komai sai kanta a tafin hannu da baƙin mai a ƙarƙashin farce, wanda sabulu ya ƙi fitarwa. Giciyen wuyan ne ya tsayar da shi. Ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya bar shi a inda ya gan shi, ya ja ƙyalle ya rufe.

Ba a ba da makarar masallaci ba, shi ma bai tambaya ba. Ƙyauren shagon tsohon aka ciro aka ɗora shi. Mutanen coci suka kama gaba, Halliru da wasu manoma biyu daga Achika, da suka zo karɓar injinsu suka tarar da rasuwa, suka kama baya. Mata na leƙe ta zaure. Tasi'u ya rufe teburinsa ya biyo daga nesa, wai kallo zai yi.

A maƙabartar Kiristoci ta bayan gari aka sa shi, jikinsa a kan ƙasa. Fasto ya yi addu'a da sunan Yesu, mata suka ɗauki waƙa a hankali, kamar masu tsoron kar a ji su. Rahila ta kama wuyan rigarta ta yage, yadda uban ya ce mata ta yi, ta ɗauki ɗan dutse ta ajiye a kan kabarin. Rana ta yi ja a kan kogi.

Wani dattijon coci ya zo da giciyen katako, ya jingine shi a jikin darbejiya, ya koma ya harɗe hannu. Har aka gama tura ƙasa babu wanda ya taɓa shi. Tasi'u, wanda ya matso ba a sani ba, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, shi wannan katakon fa? Kafa shi za a yi, ko gida zai koma?"

Fasto ya dubi Rahila, Rahila ta dubi ƙasa. Halliru ya tsuguna yana kakkaɓe jar ƙasar da ta maƙale masa a tsakanin yatsu.