Kwanon da Ya Dawo Cike

Tun Iya Sailuba tana amarya a Kwarbai, kwanonta bai taɓa fashin zuwa gidan maƙwabciyarta Hajara ba. Ta aika tuwo, a maido kwanon da fura, ko daddawa, ko goro ɗaya ne. Ba a taɓa maido shi yadda ya tafi ba, sai satin da aka kama Bahago, autan Hajara, kan wayoyin sata. Ran nan ko murfin ba a ɗaga ba.

Abin ya ci Iya ƙwarai, kuma ta san dalili. Jikanta Muntasir yana karanta nazarin laifuffuka a jami'a, duk hutun nan kuwa yana majalisar su Bahago, sai tambaya kamar mai binciken aure: me ke kai matashi sata, wa ke saye? Wai aikin kammala karatu ne. Unguwa ta ce ƙarya ne, kamun ƙafar shiga ɗan sanda yake yi. Iya ta wanke mace biyu tas a gidan suna kan wannan magana. Amma fa da ta dawo gida, ita ma ta fara yi masa kallon gefen ido.

"Kai, ɗan nema, in ka gama bokon nan, aikin me za ka yi?"

"Da yawa, Iya. Kotu, gidan gyaran hali, koyarwa..."

"Ɗan sanda fa?"

"Har da shi," in ji Muntasir, yana sosa ƙeya.

Iya ba ta sa shi rantsuwa kan ko shi ya tona asirin Bahago ba. Da la'asar ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta miƙa masa kwanon.

"Kai wa Hajara da hannunka. Ita ta goya ka da uwarka ta rasu, ba ka da shamaki a gidan nan."

Ya karɓa ya fita. Iya ta zauna jikin katanga, tana roƙon Allah ya sa yaron ya daɗe, don in ba shi da hannu, ba zai ji nauyin haɗa ido da Hajara ba.

Bai daɗe ba. Ya dire kwanon a gabanta, tuwon da zafinsa, idonsa a ƙasa.

"Ba ta nan, Iya."

Iya ta kasa kunne. Ta bayan katanga, Hajara tana ta daka a turminta.