Hayaƙin Gidan Gado

Kurɓar ruwa ɗaya Gado ya yi, ya ƙware. Tari ya sarƙe shi har idanunsa suka firfito, matarsa Zalika tana bubbuga masa baya tana salati. Da aka sake ba shi, haka aka kuma.

Abin ya zo ne a lokacin da gida ya fara murna. Gado tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Gaya da Kwatano. Sankara ta kama shi a wuya, aka yi masa aiki a Yamai, ta dawo. Aka ɗora shi kan wasu ƙwayoyi, kumburin ya saɓe, har ya fara takawa bakin gada yana gaisawa da tsofaffin abokan hanya.

Bayan ƙwarewar nan suka koma Yamai, aka ɗauki hoton wuyansa. Lokotoron asibitin ya daɗe yana duban hoton kafin ya yi magana.

"Maganin ya ci ciwon, Alhaji, amma inda ya cinye ya bar ƙofa tsakanin hanyar abinci da ta numfashi. Ba kasafai ake ganin haka ba. Abin da ka haɗiya, huhu yake tafiya."

Aka tsayar da ƙwayoyin. Aka sa masa tiyo a ciki, ta nan Zalika take ɗura masa kunu da sirinji. Baki kuwa, ko ruwa an hana.

Da suka dawo gida, Zalika ta kwashe tukwanenta ta kai gidan maƙwabciya. Can take girki, can ita da ɗansu Yazidu da matarsa suke ci a tsaitsaye, su wanke baki kafin su shigo. Gado mutum ne mai son ci, wanda bai taɓa zama gaban kwano shi kaɗai ba. Ta ga rashin imani ne ya ji ƙamshi.

Shi kuwa yana kwance ƙarƙashin rumfa, yana kallon murhu a mace, kaji na birgima cikin tokarsa.

Wata la'asar ya kira ta da muryarsa da ta dushe.

"Uwar Yazidu, an yi rasuwa a gidan nan ne ban sani ba?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan, Alhaji?"

"Gidan makoki ne ba a hura wuta, maƙwabta su ciyar da shi. Ina da rai kun fara zaman makokina."

Ta sunkuyar da kai. "Tausayinka muke ji."

"Ciwo ya raba ni da tuwo. Ku kuma kun raba ni da ku." Ya tsaya ya huta. "Aika bakin kogi a samo giwan ruwa."

Ta dawo da tukwanen. Ta hura wuta tana share ido, tana cewa hayaƙi ne. Ƙamshin daddawa da kifi ya cika tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarma gaban Gado, Yazidu ya zauna, amma hannunsa ya kasa kaiwa kwano.

"Ci mana," in ji Gado. "Kunyar wa kake ji?"

Yazidu ya kai loma, ya haɗiye da ƙyar. Uban yana bin hannun da ido, maƙogwaronsa na motsi. Can ya miƙa yatsa ya dangwali romon. Zalika ta yunƙura za ta riƙe shi, ya ɗaga mata hannu. Ya ɗora a kan harshe, ya rufe ido jim kaɗan, sannan ya tofar a tsumma, ya goge bakinsa sarai.

"Gishiri bai ji ba."

Zalika ta dube shi, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Tun da ka kwanta," ta ce, "ba wanda ya ƙara gaya mini haka."

Ta tashi ta nufi madafa.