Mijin da Na'ura Ta Rubuta Mini

Ranar kasuwar Batsari ce. Ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa sai na ji kukan Ciyaman, jakin maigidana Malam, a ƙofar gida. Na ce yau an dawo da wuri. Ashe jakin ne ya dawo shi kaɗai da mangalarsa. Ba a jima ba maƙwabta biyu suka yi sallama, suka tsaya suna kallon ƙasa. Malam ya faɗi a hanyar Karare, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekara talatin da ɗaya muna tare.

Ina cikin takaba autarmu Mahfuza ta zo da zancen wata jami'a mai ɗaukar nauyin 'ya'yan manoma su karanta aikin gona. Guraben kaɗan ne, mu kuma in ba ta nan ba, karatun ya tsaya. Sun ce kowa ya rubuta labarin mutumin da ya koya masa wani abu. A ƙasan fom ɗin akwai doka, ta karanta mini: duk wanda ya sa ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar nan ta waya mai rubutu kamar mutum, ta rubuta masa, za a ajiye takardarsa gefe. Wanda ya taɓa ta ko kaɗan ne, ya faɗa. Kuma za su kira su yi tambayoyi.

Kamalu, ƙanin Malam, mai shagon cajin waya a Safana, ya zo gaishe ni ya tarar da zancen.

Ya ce, "Matar Yaya, kowa yi yake. Minti biyu ta gama. Wa zai gane?"

Ni aji uku na yi a firamare. Abin da na sani, a zamaninmu in kana son wasiƙa sai ka je wurin mai rubutu a kasuwa, ba wanda ya ce ka yi sata. Na ce, "To ai wannan ma mai rubutun ne, rumfa ce kawai ba shi da ita. Ku yi."

Mahfuza ta ce, "Inna, dokar fa?"

"Dokar ta san marainiya ce ke?"

Kamalu ya faɗa wa wayar cewa yarinya ce 'yar manomi, ubanta ya rasu. Kafin in gyara zama ta cika shafi da Turanci. Na ce a juya mini da Hausa.

Mahfuza ta fara. Wai babanta mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga murya ba. Wai da yamma yakan tsaya a bakin gona shiru yana kallon faɗuwar rana.

Tun ranar kasuwar nan ban yi dariya ba sai lokacin. Na yi har sai da na riƙe ciki.

Na ce, "Kamalu, wannan mijin wace ce? In yana nan ka kai ni in gan shi."

"Takaba kike, ki ji tsoron Allah."

"Yayanka da in ya yi atishawa a Karare ake cewa yarhamukallahu a Yasore? Shi ne mai kallon rana? Rana ce dai ke kallonsa yana faɗa da jaki."

Daga nan dariyar ta koma kuka, suka bar ni na gama. Da na share ido na ce a goge. Mutuwa ta ɗauke shi sau ɗaya, ba zan bari waya ta sake ɗauke shi ba.

Kwana uku muka yi, kullum bayan azahar. Mahfuza na rubutu da Turancinta mai ɗingishi, in ta manta abu in tuna mata. Ta rubuta yadda yake zaɓen iri: ya ɗauki gyaɗa ɗaya, ya girgiza ta a kunne, in bai ji ƙarar da yake so ba ya ce wannan 'yar ƙarya ce. Ta rubuta yadda ya sa ta ƙirga tsiro a kunya goma tun tana 'yar shekara bakwai. Ta rubuta Ciyaman, wanda ya samu sunan saboda ba ya motsi sai an taru an roƙe shi.

Sai wurin da fom ɗin ya tambaya ko an taɓa manhajar. Kamalu ya ce ta sa "a'a" kawai, tunda an goge. Mahfuza ta ƙi. Ta rubuta cewa an gwada na'ura, ta ba ta wani uban daban, ta goge, kuma mahaifiyarta ta taya ta tuna abubuwa. Ni na jawo, sai na bar ta ta aika a haka.

Bayan sati biyu wata mata daga jami'ar ta kira da hantsi. Ta yi Turanci, sannan ta juya Hausa. Ina daga gefe ina ji.

"Mene ne babanki ke ce wa jakin har ya tashi?"

Kunya ta kama Mahfuza. Ni kuwa baki ya kufce mini: "Tashi, ɗan banza, an gama taro."

Matar ta ce, "Wace ce wannan?"

"Inna ce."

"Ki gaishe ta. Ki ce mata tambayar taki ce, ba tata ba."

Ina jin dariya a muryarta. Ta ƙara tambayoyi a kan gyaɗa, na kama bakina da hannu biyu.

Kafin in fita takaba saƙo ya zo, an ɗauke ta. Kamalu ya bi gari yana cewa shi ya yi hanya, tunda a wayarsa aka aika.

Yanzu gidan ni ce da Ciyaman. Na gwada lallashi, na gwada dusa, ko kunne ba ya kaɗawa. Don haka kullum da safe in na kwance shi, sai in duba ko akwai mai wucewa, in buɗe murya irin ta Malam in ce masa an gama taro. Sai ya tashi.