Tayar Gaba ta Hagu

Mijina Leland ya rasu a watan Fabrairu, ya bar wata tsohuwar mota ja a gareji, a ɗage kan ƙarafa huɗu, babu taya ko ɗaya a jikinta.

Shekara biyu yana aikinta. A hannun wani maƙwabcinmu da ya gaji da ita ya saye ta, da arha kamar kyauta, don ya kai ta filin tsere, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidanmu. Ya ce ba tsere ba ne na gaske. Akwai ranakun da ake buɗe filin ga kowa, ka zo da motarka ta gida, a duba ta, ka sa hular kwano, ka yi ta zagaye iya gudun da zuciyarka ta ɗauka. Babu na ɗaya, babu kyauta. Shekara goma sha huɗu yana zuwa can yana ɗaga wa masu gudu tutar gargaɗi a bakin kwana, bai taɓa shiga da tasa ba.

Ya cire kujerun baya, ya cire kafet, har rediyo ya cire, wai yana rage nauyi. Na ce masa in nauyi ake ragewa, da tumbinsa ya kamata ya fara. Ya ce, "Verna, tumbin nan aikin hannunki ne, ba zan wulaƙanta shi ba."

Ya rubuta duk ayyukan motar a jikin wani kwali, ya kafe a bango. Amma yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko bayan ya bar aiki a masana'anta. Ba ya jira ya gama abu kafin ya sa masa alama. Ranar da ya fara yake sawa, wai don kunya ta hana shi barinsa rabi. Ni kaɗai na san haka, don ni nake yi masa tsiya a kai.

Aiki ɗaya ne yake nemana a kansa, canjin man birki, saboda mutum biyu yake so. Ya yi min bayanin har na haddace. Tsohon mai yana shan ruwa. A titi ba ka ganewa. Amma a fili, idan birki ya yi zafi zagaye bayan zagaye, sai man ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota ba ta san kana yi ba. Don haka ake kore tsohon da sabo mai jure zafi, taya bayan taya. Ni ina zaune a kujerar direba, shi yana ƙasa da sifana da ɗan siririn tiyo da kwalba. Ya ce taka, in taka. Ya ce riƙe, in riƙe, ya buɗe ɗan notin, mai ya fita, ya rufe. Sai ya ce saki. Idan na saki kafin ya rufe, iska ta shiga, aiki ya lalace.

Wata Lahadi a Janairu, bayan mun dawo daga coci, muka yi na baya na dama, na baya na hagu, na gaba na dama. Ya zagayo tayar gaba ta hagu, ya durƙusa, sai tari ya sarƙe shi. Da ya ɗauke tsumman daga bakinsa na ga jini. Ya ce, "Gobe ma ƙarasa." Washegari muna asibiti. Kwana ashirin da uku ya yi.

Ban sake shiga garejin ba. Idan na tuna ranar nan, tsumman kawai nake gani.

'Yarmu Corinne ta dawo daga birnin Toledo bayan jana'iza. Shekararta talatin da huɗu, tana tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta. Kowace Asabar sai ta zo ta shige garejin, in ji ƙarar sifana ta bango. A watan Afrilu ta ce min ta sa sunanta cikin masu shiga, za ta kai motar fili ran sha bakwai ga Mayu.

Na ce ba da yawuna ba. Ta ce, "Mama, ban zo neman izini ba, na zo ki raka ni ne."

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na ɓoye hular kwanon a cikin injin wanki, ta gano ta. Na ce mata an bugo waya daga filin an ce an ɗage ranar. Ta buga musu a gabana, suka ce babu wanda ya kira. Ba ta yi faɗa ba, ta dube ni kawai ta ce, "Har da ƙarya, Mama?" Na binne mutum ɗaya a shekarar nan. Duk dare, da na rufe ido, jar motar nake gani a kife.

Na bi ta dai. Zaman gida ina jiran waya ya fi ƙarfina.

Mun isa da ƙarfe bakwai na safe, da sanyi, ciyawa duk raɓa. Motoci sun kai hamsin, wasu masu tsada, wasu irin tamu, an liƙa musu lamba a ƙofa da salatif. Na zauna a bayan a-kori-kurar Corinne da kofi a hannu, na kasa sha. Daga nesa wata mota tana gwada inji.

Wanda yake duba motoci Hollis ne, abokin Leland tun zamanin tuta, dogo mai farin gashin baki. Ya cire hularsa da ya gan ni, ya ce, "Verna. Ashe da rabon in ga akwalar nan da idona. Na ɗauka tatsuniya yake min."

"Akwala ce za ta wuce taka, Kawu Hollis," in ji Corinne.

"Ji bakinta. Na ubanta sak."

Ya girgiza tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa inji, ya ja bel, ya shiga ya taka birki ya ce da ƙarfinsa. Sannan ya ɗauko takardarsa. "Man birki, yaushe aka canza?"

"Janairu. Baba ya canza." Ta ciro kwalin nan daga cikin mota, ashe ta taho da shi. "Ga alamarsa."

Kofin ya zube min a cinya, ban ji zafinsa ba. Na ga Leland a durƙushe, na ga inda yake durƙushen. Gefen hagu, gaba. Sifanar ma bai ɗora ba.

Na ce, "Ba a gama ba."

Suka juyo.

"Uku muka yi. Ta gaba ta hagu ba mu taɓa ta ba. Tsohon mai ne a ciki."

Corinne ta rufe ido, ta ja numfashi. "Mama, don Allah. Ba yau ba."

"Gaskiya nake faɗa miki."

"Ranar wayar ma gaskiya kika faɗa min. Hula a injin wanki, waya daga fili, yau kuma birki. Saura me? Ki faɗi ki ce kin suma?"

Mutanen motar kusa da mu suka daina hira. Hollis ya shafa gashin bakinsa ya ce a hankali, "Verna, na taka shi yanzu. Kamar dutse yake. Ga kuma alamar mutumin da hannunsa."

Lasifika ta ce sababbin shiga su shirya, saura minti ashirin da biyar. Wata mai koyar da tuƙi da za ta zauna a gefen Corinne tana can tana sa safar hannu. Hollis ya ɓare 'yar takardar da ake mannawa a gilashi idan mota ta ci jarrabawa.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na buɗe ƙofar direba na cusa kaina cikin matsattsiyar kujerar nan, na ja bel na ɗaure.

"Mama, fito."

"Sai dai ku kira motar janwe."

"Kina ba ni kunya a gaban mutane!"

"Gara in ba ki kunya, ki koma gida da ƙafarki. Hollis, da sanyi ka taka shi. Kai ka fi ni sani. Da sanyi kowane birki dutse ne."

Hannun Hollis ya tsaya, bai manna takardar ba.

Na ce da Corinne ta duba kwalin. "Karanta min na ƙasan birkin."

"Ɗaure batir."

"Ya sa alama?"

"Ya sa."

"Kin same shi a ɗaure?"

Ta girgiza kai.

"Yana asibiti aka kawo maɗaurin, ni na karɓa a ƙofa. Babanki ranar da ya fara aiki yake sa alama, ba ranar da ya gama ba. Ke kin bar gida kafin ya koyi wannan shirmen."

Ta daɗe tana kallon kwalin. Ta ce, "Na ɗauka Baba ne ya kwance shi don sanyi." Muryarta ta canza.

Na ce, "Buɗe notin. Idan mai ya fito fari, zan sauka in koma bayan mota, ba za ki sake jin bakina ba har mu je gida."

Hollis ya riga ya jawo jak. Cikin minti uku tayar ta fita. Wani mutum daga motar gefe ya miƙo tiyo da kwalbar lemo da ya shanye. Rabin gwangwanin sabon mai yana cikin akwatin kayan aikin Leland, inda ya bar shi. Hollis ya ce wanda aka buɗe tun Janairu ba shi da amfani, ya kawo nasa sabo. Corinne ta durƙusa a daidai wurin da babanta ya durƙusa.

Ta ce, "Taka."

Na taka.

"Riƙe."

Birkin ya nutse a ƙarƙashin ƙafata. Daga inda nake ba na ganin kwalbar. Fuskar Hollis na gani, ya ce, "Ya Allah," ya ɗago ta ta taga. Baƙi ƙirin, kamar shayin da ya kwana. Ya ce, "Zagaye biyar, shida. A ƙarshen doguwar hanya zai tafasa." Ya so ya ƙara wani abu, ya fasa. Na san abin da ke ƙarshen doguwar hanyar, Leland ya tsaya a can shekara da shekaru. Kwana ce, da tarin tayoyi, da bango.

Corinne ba ta ɗago ba. Na ji ta ja hanci, ta ce, "Saki. Taka."

A karo na huɗu ne tunanin ya zo min. Ƙafata tana ƙasa, notin yana buɗe. Idan na ɗaga ta kaɗan, iska za ta shiga, birki ya yi laushi, Hollis ya hana takarda, lokacinta ya wuce. Babu wanda zai ce da gangan ne, tsohuwa ce ƙafarta ta gaji. Na so in yi. Allah ya sani na so. Sai na tuna iskar tana iya zama 'yar kaɗan, wadda ba za a ji ba a nan sai a can. Kuma ko ban bar ta yau ba, za ta dawo wata Asabar ɗin ba tare da ni ba, wani daban ya taka mata.

Na danne gwiwata da hannu biyu.

"Mama, kin riƙe?"

"Na riƙe."

"Kar ki saki."

"Na ce na riƙe, ke rufe abinki."

Sau tara muka yi kafin ya fito fari tas, babu kumfa. Hollis ya cika tukunyar man, ya mayar da taya, ya ɗaure notuna da kansa, ya bi sauran ukun ya duba. Shi ya kamo hannuna ya fitar da ni. Ya manna takardar.

Corinne ta tsaya a gabana, hannunta duk mai. Ta buɗe baki, lasifika ta kira su. Ta ce, "Je ki zauna, kin yi fari fat."

Ban zauna ba. Na taka har ƙarshen doguwar hanyar, inda wata mata mai rigar lemo take tsaye da tutoci a bayan shinge. Ta ce ba a tsayawa a nan. Na ce ni matar Leland ce. Ta matsa min.

Jar motar ta taho ta uku daga ƙarshe, ƙarama a cikin sauran. Ta wuce mu da ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba, jajayen fitilun baya suka kama, hancinta ya duƙa, ta sha kwanar. Na ƙirga zagayen. Biyu. Uku. A na biyar na daina numfashi. Fitilun suka kama, ta duƙa, ta juya. Na shida ma haka.

Amma na lura kowane zagaye fitilun suna ƙara jinkirin kamawa, tana ƙara matsowa kusa da kwanar kafin ta taka. Na kama hannun matar na nuna mata.

Ta yi dariya ta ce, "Ai koyo take yi. Wannan za ta dawo."

Na saki hannunta na kama wayar shingen, ina jiran na bakwai.