Kadan Kawu

Kawu ya dire gwangwanin a kan teburin Dakta, ya janyo kujera ya zauna ba tare da an ce masa bismilla ba. A jikin gwangwanin akwai hoton kada ya wangale baki, an rubuta a ƙasa: Garin Ƙarfi, Daga Tsantsar Naman Kada.

"To 'yata, me injin naku ya ce? Hukuma ta tsare min kaya, sai na kai takardar gwaji."

Dakta ta juyo masa da allon kwamfuta. Tun safe take neman yadda za ta faɗa wa ƙanin mahaifiyarta wannan magana.

"Kawu, mun narka garin, mun daddatsa furotin ɗin da ke ciki gunduwa-gunduwa, muka tura su cikin wancan siririn bututun. Kowane guntu da lokacin fitowarsa. Wani ya wuce da sauri, wani ya maƙale sai can baya. Kwamfuta kuwa tun kafin a fara take lissafa lokacin da guntayen kowace halitta za su fito. Mun jira na kada."

"Suka fito?"

"Ko ɗaya. Waɗanda suka fito, a lokacin wake suka fito. Nauyinsu ma na wake ne."

Kawu ya ƙura wa layukan allon ido kamar mai neman wanda ya sani a cikin taro.

"Wataƙila kadan ne ya yi sammako."

"Kada ba ya sammako, Kawu."

"To ki ɗan jinkirta su mana, su fito a lokacin kada. Ba ke ke riƙe da injin ba?" Ya sassauta murya. "Ko akwai wanda ake gani a sama da ke?"

Ta ce babu. Ya ce bai taɓa shiga ofishin da babu wanda ake gani ba. Ya tuna mata shi ya goya ta ranar da aka yi mata rigakafi, ta yi masa fitsari a sabuwar riga bai ce komai ba. Daga nan ya kira yayarsa a waya ya miƙa mata.

"Ke yanzu saboda wake za ki kunyata ɗan'uwana?" in ji mahaifiyarta.

Dakta ta ajiye wayar, ta sa hannu a sakamakon yadda yake: wake ne zalla, babu nama kowane iri. Kawu ya karɓa ya fita ko sallama babu. Ta san ta gama cin naman suna a dangi.

Bayan 'yan makonni ta dawo daga aiki ta tarar da mijinta a kicin yana dama wani abu a kofi. Gwangwanin da ke gabansa sabo ne fil. Kadan ya ɓace, koren ganye ya maye gurbinsa: Tsantsar Tsiro, Babu Nama, Masana Sun Gwada Sun Tabbatar. A ƙasa ga sa hannunta, an buga shi ƙato.

"Kawunki ya aiko," in ji mijin. "Wai ya fi na da tsada, amma mu kyauta ne, tunda ke kika rufa masa asiri. Ni dai har na fara jin ƙarfi."

Dakta ta ajiye jakarta. Ta daɗe tana kallon sa hannun nata, babu harafi ɗaya na ƙarya da za ta kama.

"Ƙara sukari," ta ce. "Zai fi shiga."